Wanda Ya Kafa Akwatin Sheƙa Ya Ɗauki Amana

Cikin ƙananan tsuntsaye masu daɗin kuka akwai waɗanda ba sa gina sheƙa a kan reshe, sai a cikin kogon itace, kuma mafi yawansu ba su da bakin da zai iya huda itacen. Jira suke yi maƙwaƙwafi ya sassaƙa rami ya gama da shi, ko kuma reshe ya karye, ruwa da ruɓa su ci wurin har ya zama kogo, abin da kan ɗauki shekaru masu yawa. Mu kuwa da zarar itace ya bushe ko ya fara ruɓewa sai mu sare shi, don tsoron kada ya faɗo kan gida ko don gyaran fili. Da haka koguna suka yi ƙaranci, masu nema suka fi gidajen yawa. Dalilin ƙera akwatin katako mai ƙaramar ƙofa a kafa shi a bayan gida ke nan, kuma aiki ne na alheri da nake ƙarfafa wa jama'a gwiwa a kansa. Sai dai ina so a fahimci cewa akwatin da aka kafa aka juya masa baya yana iya zama kabarin tsuntsun da aka yi niyyar taimaka wa.

Kuskuren da na fi cin karo da shi shi ne zaton cewa yawan akwatuna shi ne yawan taimako. Mutum zai jera akwati biyar ko shida a jikin katanga ɗaya, sannan ya yi mamakin ganin ɗaya kacal aka shiga, sauran kuma sun zama filin daga. Yawancin waɗannan tsuntsaye suna da yankin da namiji ke karewa a lokacin haihuwa, domin a cikin yankin ne iyaye za su samo tsutsotsi da ƙwarin da za su ciyar da 'ya'ya bakwai ko goma tun daga asuba har faɗuwar rana. Ba su yarda ɗan jinsinsu ya zauna kusa da su ba. Shuɗin tsuntsun nan na Arewacin Amurka, alal misali, ana so a bar tazarar kimanin mita 90 tsakanin akwatinsa da na ɗan'uwansa. Ƙaramin fili, saboda haka, akwati ɗaya ko biyu ya ishe shi, kuma idan biyu ne a sa girman ƙofofinsu ya bambanta, sannan kada su fuskanci juna.

Tarihin wannan shuɗin tsuntsu ya isa darasi. A farkon shekarun 1850 aka kai gwarar gida daga Turai aka sake ta a Burukilin da ke birnin Niyok, sannan a 1890 aka saki wani tsuntsu mai baƙin jiki da ake kira sitalin a babban lambun shaƙatawa na tsakiyar birnin. Dukkansu biyu masu kwana a kogo ne, masu zafin rai, kuma ba su da wuyar sabawa da zaman kusa da mutane. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya suka bazu a nahiyar, suka ƙwace kogunan da tsuntsayen asali ke amfani da su, a daidai lokacin da ake sare tsofaffin itatuwa ana kuma maye gurbin dirkokin shinge na katako da na ƙarfe. Shuɗin tsuntsun ya ragu ƙwarai. Abin da ya dawo da shi shi ne aikin talakawa masu sa kai waɗanda suka jera akwatuna a gonaki da makiyaya suna kewaya su mako-mako, kuma a 1978 Lawrence Zeleny ya jagoranci kafa ƙungiyar kare wannan tsuntsu ta Arewacin Amurka. Abin lura a nan shi ne kewayawar. Katako kaɗai bai ceci kowa ba.

Babban makamin mai akwati shi ne faɗin ƙofa, kuma a nan milimita biyu ko uku na iya raba rai da mutuwa. A Birtaniya, ƙofa mai faɗin milimita 25 ta dace da ƙaramin tsuntsun nan mai shuɗin kai da ake kira tit, tana kuma hana babban ɗan'uwansa shiga ya kore shi. Milimita 28 ta ishi babban tit ɗin, milimita 32 ta buɗe wa gwarar gida hanya, sitalin kuwa sai an kai milimita 45. A Amurka ana yi wa shuɗin tsuntsun gabashin ƙasar ƙofa mai milimita 38, wadda ke tare sitalin amma ba ta tare gwara, domin duk ramin da shuɗin ya shige gwara ma za ta shige. Don haka a auna ƙofa da kyau kafin a huda, a yi ta da'ira sosai, kuma a lulluɓe bakinta da ɗan faifan ƙarfe, saboda kurege da maƙwaƙwafi sukan gaigayi bakin ƙofar su faɗaɗa ta har su kai ga 'ya'yan da ke ciki. Wannan sandar da wasu ke maƙalawa a ƙasan ƙofa don tsuntsu ya sauka, ina roƙo a cire ta. Masu gidan ba sa bukatarta, faratansu sun ishe su riƙe katako, amma tana ba maƙiyi wurin tsayawa ya zura kai.

Wanda bai taɓa ganin abin da gwara ke yi a cikin akwati ba zai yi wuya ya gaskata. Namijin kan tarar da uwa tana kwanci a kan ƙwai, ya shiga ta ƙofa ɗaya tilo da ake da ita, ya tsare hanya, ya yi ta saran kanta har ta mutu. Idan ka ɗaga murfin bayan kwana biyu, za ka ga tarkacen busasshiyar ciyawa da gashin tsuntsu da guntayen leda sun cika akwatin har sama, kuma idan ka ɗaga tarkacen a hankali, gawar uwar tana nan a ƙasa, kanta babu gashi, ƙwanta a fashe a gefenta. A kanta aka gina sabuwar sheƙar. Ba mugunta ba ce irin ta ɗan Adam, neman wurin haihuwa ne, amma mu ne muka kafa ɗaki mai ƙofa ɗaya a inda gwara ta yi yawa, saboda haka alhakin yana wuyanmu. Idan kana zaune a wurin da gwara baƙuwa ce mai ɓarna, ka nisanta akwatin daga gine-gine da rumbuna da wuraren da hatsi ke zuba, ka daina watsa ƙananan hatsi kusa da shi, ka kuma riƙa cire tarkacen da ta fara tarawa tun kafin ta yi ƙwai. Idan ta ƙi barin wurin, toshe ƙofar na ɗan lokaci ko sauke akwatin gaba ɗaya ya fi barinsa ya zama gidan renonta.

A nan dole in ja hankali sosai, domin hukuncin ya danganta da ƙasar da mutum yake. A Amurka dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta haramta taɓa sheƙa mai ƙwai ko 'ya'ya ta tsuntsayen asali, amma ba ta kare gwarar gida da sitalin ba. A Birtaniya kuwa waɗannan biyun 'yan gida ne, sun ragu ainun tun daga shekarun 1970, suna cikin jerin tsuntsayen da aka fi damuwa da makomarsu, har ana ƙera wa gwara akwatuna masu ɗakuna a jere saboda ita tana son zaman maƙwabtaka, kuma dokar 1981 ta hana lalata sheƙar kowane tsuntsun daji muddin ana amfani da ita. Tsuntsu ɗaya ne, a wancan gefen teku ana korarsa, a wannan gefen ana lallashinsa. Kada kowa ya ɗauki shawarar da aka rubuta don wata ƙasa ya zartar a tasa ba tare da ya tambayi hukumar kula da namun daji ta yankinsa ba.

Ba baƙi kaɗai ke faɗa ba. A Amurka akwai wani ɗan mitsitsin tsuntsu mai ruwan ƙasa da ake kira ren, wanda namijinsa ke cika kowane akwati da ke yankinsa da tsinkaye, yana kuma shiga sheƙar maƙwabta ya huda ƙwansu ya jefo su waje. Shi ɗan asali ne, doka tana kare shi, don haka maganinsa shi ne wurin kafawa: yana son kusa da kurmi da cunkoson ƙananan itatuwa, sai a matsar da akwatin shuɗin tsuntsu zuwa buɗaɗɗen fili. Rikicin tsattsewar itace da shuɗin tsuntsu kuwa an samo masa dabara mai kyau, wato a kafa akwati biyu kusa da juna, tazarar 'yan mitoci kawai. Tsattsewa za ta kama ɗaya ta kori duk wata tsattsewa daga na biyun, amma ta ƙyale shuɗin ya zauna, domin ita a sararin sama take kama ƙwari, shi kuma a ƙasa yake tsinta, abincinsu bai haɗa su gaba ba.

A Turai akwai wani lamari da ke taɓa mini zuciya. Wani ƙaramin tsuntsu mai kamun ƙudaje, baƙi da fari, yana yin lokacin sanyin Turai a Afirka ta Yamma, sannan ya ƙetare Sahara ya koma arewa don haihuwa. Kafin ya isa, babban tit da bai je ko'ina ba ya riga ya kama akwatuna masu kyau, kuma matafiyin da ya leƙa akwatin da ke da mai shi, wani lokaci ba ya fitowa da rai. Shi ya sa masu kula da akwatuna a inda yake sauka sukan toshe ƙofar wasu akwatunan, sai dab da isowarsa su buɗe. Irin wannan sani ya samu ne daga dogon bibiya, kamar binciken da masanin tsuntsaye David Lack ya fara a 1947 a dajin Witam kusa da birnin Okisfod na Ingila, inda har yau ake duba akwatuna kusan dubu kowace shekara, inda kuma aka tabbatar cewa babban tit yana fara yin ƙwai da wuri fiye da yadda yake yi a da saboda ɗumamar yanayi.

Game da ƙirar akwatin, a yi amfani da katako mai kaurin aƙalla milimita 15 wanda ba a jiƙa shi da maganin ƙwari ba, a bar cikinsa babu fenti, a huda ƙananan ramuka a ƙasa don tsiyayar ruwa da wasu a sama don iska, murfin kuma ya zarce ƙofa. A kauce wa wurin da zafin rana ke duka kai tsaye, domin 'ya'yan tsuntsu kan mutu da zafi a rufaffen akwati. Bututun ƙarfe mai santsi, da aka sa masa faffadan mazugi a ƙasan akwatin, ya fi gindin itace ko shinge tsaro daga kyanwa da maciji.

Duba akwati sau ɗaya a mako ya wadatar. A zo da rana idan gari ya yi kyau, a ɗan ƙwanƙwasa, a buɗe a hankali, a ƙirga, a rufe, duk cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma idan an tarar da uwa a kwance a mayar da murfin a tafi. Kayan ginin sheƙar ne ke nuna mai gida: ƙoƙo mai tsafta na lallausar ciyawa da ƙwai shuɗaye na shuɗin tsuntsu ne, ciyawa da aka shimfiɗa wa gashin tsuntsu da fararen ƙwai ta tsattsewa ce, gansakuka da gashin dabba ta tit ce, tsinkaye kuma na ren. A rubuta ranar ƙwan farko da ranar ƙyanƙyasa, domin idan 'ya'yan sun kai kwana 12 a daina buɗewa, kada tsoro ya sa su tsallako waje kafin fikafikansu su yi ƙwari. Wanda ya san tafiye-tafiye ko aiki ba za su bar shi ya yi wannan ba, gara ya kafa akwati mai ƙaramar ƙofa da masu ƙwace ba sa iya shiga, ko ya bar busasshen itacen da ba ya barazana ga kowa ya ci gaba da tsayawa.

Idan lokacin haihuwa ya wuce kuma an tabbatar babu kowa a ciki, sai a sa safar hannu a kwashe tsohuwar sheƙar, a zubar da ita nesa don kada warinta ya jawo maƙiya, a wanke cikin akwatin da tafasasshen ruwa don kashe ƙwari masu shan jinin 'ya'yan tsuntsu, ba tare da fesa wani magani ba. Bayan ya bushe a mayar da shi inda yake, domin a ƙasashe masu tsananin sanyi ƙananan tsuntsaye sukan kwana a ciki suna ɗumama juna, har an taɓa ƙirga ren na Turai sama da 60 sun cunkushe a akwati ɗaya a Ingila cikin dare guda.