Ragowar fayiloli: abin da manhaja ke bari bayan an goge ta

Ragowar fayiloli su ne duk abin da manhaja ta bari a kwamfuta ko waya bayan an cire ta: foldoji, saituttuka, bayanan wucin gadi, wani lokacin har da kalmar sirri. Sunan manhajar ya fita daga jeri, tambarinta ya ɓace daga allo, amma kayanta na nan kwance a lungunan da mai na'ura bai saba leƙawa ba.

A Windows, idan ka danna Uninstall, yawanci ba Windows ce ke yin sharar da kanta ba. Wata 'yar manhajar gogewa take kira, wadda masu manhajar suka haɗo da ita tun farko. Ita kuwa da lissafi take aiki: abin da aka zuba ranar da aka saka manhajar, shi take kwashewa. Abin da manhajar ta tara daga baya, a tsawon watannin da kake amfani da ita, sau da yawa ba ya cikin wannan lissafin, sai a bar shi inda yake.

Ba kullum sakaci ba ne. Masu manhaja da yawa da gangan suke barin saituttukanka, don in ka sake sakawa ka tarar da komai yadda ka bari. Wasu tsoro suke yi kada su goge aikin mutum a zarge su. Akwai kuma masu manhajar gwaji, irin ta kwana 30, da ke barin alama a ɓoye. Shi ya sa in wa'adin ya cika ka goge ka sake sakawa, sai ta gane ka, ta ce lokacinka ya ƙare.

Mai son gani da idonsa ya danna maɓallin Windows tare da R, ya rubuta %appdata%, ya danna Enter. Foldar da za ta buɗe sunanta Roaming, tana cikin AppData, wadda Windows ke ɓoyewa. Bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, za ka iya cin karo da foldar wata manhaja da ka manta ma ka taɓa sakawa. Kusa da ita akwai Local, kuma nan ne nauyin yake taruwa, domin a nan burauza da wasanni da manhajojin gyaran bidiyo ke jibge bayanan wucin gadi, wani lokacin gigabait da dama. Sai ProgramData, ita ma a ɓoye, sai kuma foldojin da aka bari fayau a Program Files.

A Mac, jan manhaja zuwa kwandon shara jikinta kawai yake ɗauka. Sauran na foldar Library, wadda Apple ta fara ɓoyewa a 2011, a ƙarƙashin Application Support da Caches da Preferences. A Debian da Ubuntu kuwa, waɗanda nau'o'in tsarin Linux ne, an raba abin biyu a fili: umarnin apt remove na cire manhaja ya bar saituttukan tsarin, apt purge na haɗawa da su, amma ko shi ba ya taɓa abin da ke foldar mai amfani.

Waya ta fi tsafta a wannan fanni. Android da iPhone kowace manhaja suke ware wa ma'ajiyarta, in an goge ta ma'ajiyar ta tafi tare da ita. Abin da kan rage a Android shi ne wanda aka ajiye a fili, kamar Download da foldar hotuna. Google ta ƙara taƙaita wa manhajoji zuba kaya ko'ina daga Android 10 a 2019.

Inda aka fi ruɗar mutane shi ne Registry, rumbun da Windows ke adana saituttuka tun 1992. Gaskiya ne manhajoji na barin rubuce-rubuce a ciki. Amma 'yan layuka ne marasa nauyi, ɗaruruwansu ba su kai hoto ɗaya na kyamarar waya ba, kuma zamansu ba shi ke rage wa kwamfuta sauri ba. Manhajojin share-share sun san yadda ake tsorata mutum: su nuna maka jan rubutu da dogon jerin "matsaloli", sannan su nemi kuɗi. Microsoft da kanta ta ce ba ta goyon bayan amfani da masu share Registry. A ganina nan ne ake zuwa neman gira a rasa ido, domin goge layi ɗaya da ba daidai ba na iya hana wata manhaja buɗewa, ribar kuwa ba a ganinta.

Haka nan ba duk abin da ba ka gane ba ne ragowa. Wanda ya duba jerin manhajojinsa zai iya ganin Microsoft Visual C++ Redistributable sau biyar ko fiye, kowanne da shekararsa. Kayan haɗin gwiwa ne, manhajoji daban-daban na dogara da su. Wata ce ta shigo da su, amma tafiyarta ba ta nufin babu mai bukatarsu. A bar su.

To yaushe ragowa ke zama matsala ta gaske? Na farko dai in wuri ya ƙare, kuma nan sai a nemi manyan foldoji a AppData masu sunan manhajar da aka tabbatar an cire. A tura su kwandon shara, a bar su kwana biyu. In babu abin da ya lalace, a ƙarasa. Sai kuma lokacin da manhaja ta rikice, ka goge, ka sake sakawa, matsalar ta dawo yadda take. Ba sabuwar ce ta zo da ita ba, tsohon saitin da ya lalace ta tarar ta ɗauka. Sai an cire foldar da tsohon saitin ke ciki gyaran zai kama.

Manhajojin kariya daga bairos da direbobin katin hoto (manhajojin da ke sarrafa na'urar da ke fito da hoto a allo) su ne masu taurin kai, saboda suna shiga can cikin tsarin. Ragowar tsohuwa kan hana sabuwa zama. Shi ya sa kamfanoni irin su Norton da McAfee da Avast kowanne ke da manhajar cirewa ta musamman, kuma ita ya kamata a nema daga shafinsu.

Mafi haɗari shi ne sayar da kwamfuta ko ba da ita kyauta. Chrome, alal misali, kan tambaya lokacin cirewa ko a haɗa da bayanan yawon intanet. Wanda bai zaɓi hakan ba, tarihin shafukan da ya shiga na nan a AppData. Bin manhajoji ana gogewa ɗaya-ɗaya ba ya isa a irin wannan hali. A kwashe abin da ake so, a shiga Reset this PC a Settings na Windows, a zaɓi cire komai, a kuma kunna zaɓin share faifan gaba ɗaya kafin na'urar ta koma hannun wani.