Fulogin a Java: abin da modul ke ɓoyewa da abin da ba ya hanawa

Samarin Aboabo da Sabon Zango masu koyon Java, tambayoyin nan sun yi yawa, ga amsa gaba ɗaya. Misalinmu manhajar wani kanti ce a kasuwar Kejetia mai fulogin biyu, na buga rasit da na karɓar MoMo, wato kuɗin waya.

Mene ne fulogin?

Fayil ɗin jar ne da babbar manhaja ke lodawa tana tsaka da aiki. Shi ke nan.

Na sa public, me ya hana fulogin ganin ajina?

Tun Java 9, a 2017, in ajinka na cikin modul, wato tarin kunshi da ke faɗin abin da zai fitar waje, public kaɗai ba ta isa. Sai ka rubuta exports da sunan kunshin a module-info.java. Kuma kada haushi ya sa ka fitar da komai, kunshin intafes kaɗai ya wadatar.

Ya ce ClassCastException, alhali sunan ajin ɗaya ne!

Laifinka ne. Ka cusa kwafin intafes cikin jar ɗin fulogin. A wurin Java, aji sunansa ne haɗe da mai lodinsa (ClassLoader), don haka masu lodi biyu, aji biyu ke nan, ko da harafi bai bambanta ba. Cire kwafin, fulogin ya yi requires a kan na babbar manhaja.

To idan na killace komai, fulogin ɗin wani ba zai taɓa kuɗin kanti ba?

A nan ake yaudarar kai. Ɗauki gidan haya a Zango: kowa da ɗakinsa, amma tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, mitar wuta ɗaya. Modul yana hana fulogin kiran ajin da ba ka fitar ba, kuma setAccessible, dabarar leƙa abin da aji ya ɓoye, kan faɗi da InaccessibleObjectException matuƙar ba ka rubuta opens ba. Amma fulogin na buga rasit zai iya buɗe fayil ɗin da ke ɗauke da makullin MoMo, ya aika shi ta intanet, ko ya kira System.exit ya kashe manhajar ana cikin ciniki. Duk izinin da babbar manhaja ke da shi a kwamfutar, shi ma yana da shi. Kada kowa ya kawo mini zancen Security Manager, tsohon mai gadin izini na Java: an ayyana za a cire shi a Java 17, an kashe shi ɗungurungum a Java 24.

Abin yi ya danganta da wanda ya rubuta fulogin. In ku ne, ko wanda kuka karanta lambar manhajarsa (code), killacewar modul ta isa, don kuskure kuke tsoro, ba sata ba. In baƙo ne, ku fitar da shi gidan: furoses nasa daban, ƙarƙashin asusun da ba shi da izinin karanta fayilolinku, ku riƙa magana ta soket, da wa'adi, misali daƙiƙa 5, in ya wuce a yanke. Wannan ma yana da tsada. Kowane kira sai an mai da shi saƙo, kuma JVM na biyu, wato injin da ke gudanar da Java, na cin ƙwaƙwalwa, abin da tsohuwar kwamfutar kanti mai giga 4 za ta ji a jikinta. Fulogin ɗaya ko biyu, ba laifi. In sun kai goma, wataƙila ku haɗa marasa haɗari wuri ɗaya, mai taɓa kuɗi ya zauna shi kaɗai.

Jar ɗin ba shi da module-info, zai yi?

Zai yi, amma a matsayin modul na atomatik, duk kunshinsa a buɗe, kuma yana karanta sauran modul. Labule ne, ba ƙofa ba.

Yaya ake lodawa ma?

Haba, da wannan ya kamata ku fara. ModuleFinder ya duba folda, a gina ModuleLayer, wato mataki, fulogin ya rubuta provides da with, ku kuma uses, sannan ServiceLoader.load ya karɓi matakin da intafes. Kwantar da hankalinka, ajin fulogin ba ya buƙatar exports. Ka ba kowane fulogin nasa matakin, in ba haka ba, ranar da biyu suka zo da laburare ɗaya mai siga daban, lodin zai watse tun daga farko.