Kofi da rawani: me ya haɗa filin wasa da begen Kirista?

Matasanmu na majami'un Hausa a Legas, daga Agege zuwa Obalende, da yawansu in an tashi daga sujada ranar Lahadi gidan kallon ƙwallo suke wucewa kai tsaye. Shi ya sa waɗannan tambayoyin ba sa ƙarewa a zumuntar matasa.

Wai da gaske Littafi Mai Tsarki ya yi maganar wasanni?

Ƙwarai kuwa. Manzo Bulus ya zauna shekara ɗaya da wata shida a Korinti, kuma kusa da birnin ake yin wasannin Istimiya duk bayan shekara biyu: tsere, kokawa, dambe. Wanda ya zo na ɗaya akan naɗa masa rawanin ganye. A 1 Korintiyawa 9:24-27 Bulus ya ce 'yan wasa suna horon kansu a kowane abu don rawanin da zai lalace, mu kuwa don wanda ba ya lalacewa. Masu sauraron wasiƙar sun san abin da yake faɗa, domin da idonsu sun ga ganyen nan yana bushewa.

To kofin zinariya ai ba ganye ba ne. Ina lalacewar take?

A ranar 22 ga Maris 1980 Nijeriya ta lallasa Aljeriya da ci 3-0 a filin wasa na ƙasa da ke Surulere, ta ɗauki Kofin Afirka karo na farko. Segun Odegbami ya zura biyu, Muda Lawal ɗaya, Christian Chukwu ya ɗaga kofi a gaban Shugaba Shehu Shagari. Farin ciki ne na gaske, ba na raina shi ko kaɗan. Amma bayan shekara biyu kofin ya koma Ghana, sai 1994 muka sake taɓa shi. Kofi aro ne. Ranar da ka karɓe shi, ranar wasu suka fara atisayen ƙwace shi.

A ina ne kwatancin ya yi daidai?

A wajen horo da jimiri. Duba masu gudun fanfalaki na Legas, wanda aka fara a 2016: a shekarar aka yi kilomita 42 daga Surulere, aka haye gadar Third Mainland, aka ƙare a Eko Atlantic. Ba wanda yake shigarsa da buhu a kai. Ibraniyawa 12:1-2 ta ce mu yar da duk abin da ke nawaita mana, mu yi tseren da haƙuri muna zuba wa Yesu ido. Ga matashin da ke tura baro a kasuwar Mile 12 ko yake gadi a Lekki, nauyin nan yana da suna: cacar ƙwallo a waya, kwalba, riƙon wanda ya cuce shi.

A ina kuma ya saɓa?

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan ne na fi so a tsaya. A gasa, nasararka faɗuwar wani ce, kofi ɗaya ne tak. A cikin Almasihu ba wanda za ka ture kafin ka shiga. A 2 Timoti 4:7-8, da Bulus ya ce ya gama tserensa, ya ƙara da cewa rawanin adalci ba nasa ne shi kaɗai ba, na duk masu marmarin bayyanar Ubangiji ne.

Sa'an nan ɗan wasa da guminsa yake cin kofi, ceto kuwa kyauta ne ta wurin alheri, ba ladan aiki ba (Afisawa 2:8-9). Yesu ya riga ya ci nasara a kan gicciye da tashinsa daga matattu. Horonmu ba kuɗin shiga ba ne, godiyar wanda aka riga aka karɓa ce. Mai wa'azin da ya tsaya a "ka ƙara ƙoƙari" bai kai mutane ga 1 Yohanna 5:4 ba, inda aka ce nasarar da ta rinjayi duniya ita ce bangaskiyarmu.

Ga kuma batun alƙali. A wannan fili na Surulere, a wasan ƙarshe na 2000 da Kamaru, an tashi 2-2 aka je bugun fenareti. Ƙwallon Victor Ikpeba ta daki sandar sama ta faɗo, hoton talabijin ya nuna ta tsallake layi, amma alƙalin wasa bai ba da ita ba. Kamaru ta tafi da kofi. A shekarar nan dai, a gasar Olamfik ta Sidni, 'yan tseren miƙa sanda na mita 400 na Nijeriya suka zo na biyu bayan Amurka. Daga baya ɗaya daga cikin Amurkawan ya amsa cewa ya yi amfani da maganin ƙara kuzari, a 2012 aka tabbatar wa Nijeriya zinare. Sunday Bada, ɗaya daga cikin 'yan tseren, ya rasu a Disamba 2011, bai ji wannan hukunci ba. Abin yana taɓa ni duk lokacin da na tuna. Bulus ya kira Ubangiji alƙali mai adalci. Shi ba ya kuskuren layi, mutuwa kuma ba ta riga hukuncinsa.

Ke nan mai bi ba zai sha kaye a rayuwa ba?

Zai sha. A kurkuku Bulus ya rubuta maganar rawanin adalcin nan, yana jiran kisa. A Romawa 8:35-37 sai da ya lissafa ƙunci, tsanani, yunwa da takobi, sa'an nan ya ce a cikinsu duka mun fi gaban masu nasara. A cikinsu, ba bayan sun wuce ba. Ɗan'uwan da rikici ya koro daga garinsu ya zo Legas da leda ɗaya, bai kuma saki Yesu ba, yana cikin ayar nan.

Laifi ne in yi wa ƙungiyata addu'ar nasara?

Ba laifi ka kawo wa Allah abin da ke ranka, amma ka sani a ɗaya gefen ma akwai masu durƙusawa da sunan Yesu ɗin nan. Ni dai na fi so ka roƙa wa 'yan wasa lafiya, alƙali gaskiya, kai kuma kamun baki in an ci ku. In kuwa wasa ya ci karo da lokacin sujada, je ka sujada, ka kalli maimaici da dare.