Harɗaɗɗen aikatau a Turanci

Harɗaɗɗen aikatau, wanda masu nahawun Turanci ke kira phrasal verb, aikatau ne da ake haɗawa da 'yar gajeriyar kalma irin su up, out, off, on ko down, su biyun su ba da ma'ana ɗaya. Sau da yawa ba a iya gano wannan ma'ana daga kalmomin in an raba su. Give na nufin bayarwa, up na nufin sama, amma give up saduda ce ko daina wani abu. Look dubawa ce, look after kuwa kula da yaro ko mara lafiya. Turancin gida da kasuwa da hira cike yake da irin waɗannan, shi ya sa ɗalibi zai haddace manyan kalmomi birjik amma hirar Bature ta gagare shi.

Asali

Tsohon Turanci ya fi manna 'yar kalmar a matsayin ƙari a goshin aikatau, kuma har yau akwai ragowarsa a kalmomi kamar understand da forgive. Sannu a hankali ƙarin ya koma bayan aikatau ya tsaya da kansa. Jamusanci, ɗan'uwan Turanci, yana da makamancin wannan: aufstehen, wato tashi, yakan rabu gida biyu a cikin jimla a ce ich stehe auf.

Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin suka kwararo cikin harshen, sai abubuwa da yawa suka sami suna biyu. Ɗagewa put off ce a baki, postpone a takarda. Ganowa find out ce a hira, discover a littafi. Samuel Johnson ya lura da ginin harɗaɗɗen aikatau a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, inda ya ce daga nan baƙi ke samun wahala mafi girma wajen koyon harshen. Sunan da ake kiransa da shi yanzu ya bazu ne ta littafin Logan Pearsall Smith, Words and Idioms, na 1925.

Yadda yake zama a jimla

Lokaci a jikin aikatau yake, 'yar kalmar ba ta canzawa: give up, gave up, giving up. Wasu ba sa ɗaukar karɓau. The car broke down, mota ta lalace. The plane took off, jirgi ya tashi. Waɗannan ba su da wata rigima.

Rigimar tana wajen masu ɗaukar karɓau. Da yawansu sukan yarda a raba su, a ce turn off the radio ko turn the radio off, duka biyun na nufin kashe rediyo, kuma duka daidai ne. Amma da zarar wakilin suna ya maye gurbin sunan, dole ya shiga tsakiya: turn it off. Turn off it kuskure ne, kunnen ɗan harshen ba ya karɓarsa. Wannan ƙa'ida ta fi cancantar a koya wa ɗalibi da wuri, domin ita ake buƙata kullum. Wasu kuma ba sa rabuwa ko kaɗan: look after him ake cewa, ba a sa him a tsakiya. Haka masu kalma uku, irin su put up with, haƙuri da abu, da run out of, ƙarewar abu a hannun mutum.

Masana suna da gwajin da ke fito da bambancin. He ran up the hill, ya hau tudu da gudu. He ran up the bill, ya tara bashi. A ido iri ɗaya ne. Sai dai ana iya cewa he ran the bill up, ba a cewa he ran the hill up, domin up ta jimlar tudu tana nuna wuri ne kawai, ta jimlar bashi kuwa ta zama sashen aikatau.

Yawansu

Ƙamusoshi sun tara dubbai, abin da kan karya wa mai koyo gwiwa. Bai kamata ba. Binciken da Dee Gardner da Mark Davies suka buga a 2007, a kan babban rumbun rubutu da maganar Turancin Birtaniya, ya nuna cewa 25 kacal daga cikinsu sun ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na duk wuraren da aka yi amfani da irin wannan aikatau, 100 kuma sun ɗauki fiye da rabi. Wahalar ta gaskiya ita ce da yawansu suna da ma'ana fiye da ɗaya. Take off kaɗai yana nufin tuɓe riga, tashin jirgi, da bunƙasar kasuwanci.

Ga mai jin Hausa

Bahaushe yana da abin da zai dafa. Aikin da 'yar kalmar ke yi a Turanci, ƙarshen aikatau ke yinsa a Hausa. Tsakanin ci da cinye, ko sha da shanye, akwai ma'anar ƙarasawa, ita ce kuma up ke ɗauka a eat up da drink up. Fita da fito sun yi daidai da go out da come out. Sannan sa hannu, ci gaba da sha kaye haɗe-haɗe ne da baƙo ba zai gane su daga kalmominsu ba.

A Turancin Nijeriya an yi wa ginin gyaran gida. Akan jefar da aikatau a bar 'yar kalmar ita kaɗai, a ce off the light ko on the fan. Akan kuma ƙara ta inda ba a buƙata, kamar cope up with a maimakon cope with. Kowa na ganewa a titi, amma masu duba jarabawar WAEC Turancin littafi suke bi, kuma sukan ɗauki waɗannan a matsayin kuskure.