Sayen kanti ba sayen komai da komai ba ne

A kasuwannin Yamai, daga Katako har Wadata, an daɗe ana cewa in ka sayi kasuwancin mutum, bashinsa ya bi mai sayarwa, bai shafe ka ba. Wannan magana ta jefa mutane da yawa cikin asara, kuma abin yana damuna.

Hanyar sayen ce ke yanke hukunci. A dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai-ɗaya da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi, kana iya sayen kasuwancin kawai: masu ciniki, suna, allon ƙofa, kaya. A nan kuɗin ba ya shiga aljihun mai sayarwa kai tsaye. Ana ajiye shi wurin notar, wato jami'in da ke tabbatar da takardu a hukumance, ko banki, a buga sanarwa a jarida cikin kwana 15, masu bin bashi su sami kwana 30 su yi magana. Ginin kuwa ba ya ciki, sai ka duba takardar haya.

Amma in hannun jarin kamfani ka saya, kamfanin na nan yadda yake. Lanhon da ba a biya ba, kuɗin CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata, bashin dillalin da ya kawo buhunan shinkafa bara, duk suna jiranka a kan tebur. Kafin ka miƙa ko dala, ka ce a buɗe maka littattafan.