Nazarin Takunkumin Labarai a Ƙasashen Kama-karya: Tambayoyi Kan Aikin Malaman Jami'a

Tunda kowa ya san gwamnatocin kama-karya suna toshe bakin 'yan jarida, me ya rage da za a bincika?

Sanin cewa ana toshewa daban ne da sanin abin da ake toshewa da kuma dalilin toshe shi. A Tarayyar Sobiyet akwai hukuma sananniya, Glavlit, wadda aka kafa a 1922 domin ta duba rubutu kafin a buga shi, amma yawancin gwamnatocin yau ba sa bayyana ƙa'idojinsu, don haka sai manazarci ya gano su daga sawun da suka bari. A 2013 Gary King da Jennifer Pan da Margaret Roberts, waɗanda a lokacin suke Jami'ar Harvard, sun wallafa sakamakon wani bincike inda suka kwashi miliyoyin rubuce-rubuce daga shafukan sada zumunta na ƙasar Sin kafin masu tacewa su kai gare su, sannan suka koma suka duba waɗanda aka goge. Abin da suka tarar ya saɓa wa zaton mutane da yawa: ana yawan barin sukar jami'an gwamnati, har mai zafi, amma rubutun da zai iya tara jama'a a kan titi ana share shi, ko da marubucinsa yana goyon bayan gwamnatin ne.

A 2017 suka sake ƙiyasta cewa gwamnatin tana sa a wallafa sharhi kimanin miliyan 448 a shekara da sunan talakawa, kuma mafi yawansa ba jayayya yake yi da masu suka ba, yabo ne da kauda hankali zuwa wata magana. Roberts ta kasa hanyoyin takunkumin gida uku: tsoratarwa, da wahalar da mai neman labari har ya gaji ya bari, da cika fili da surutu har gaskiya ta nutse. A ganina hanyoyi biyun ƙarshe sun fi cancantar a zurfafa nazari a kansu, domin ba sa barin fursunan da duniya za ta yi wa kuka.

Daga ina ake samun hujja, alhali gwamnatocin ba sa buɗe takardunsu?

Wani lokaci gwamnatin ce ke faɗuwa takardun su fito, kamar yadda aka buɗe kundayen 'yan sandan ciki na Jamus ta Gabas, wato Stasi, a 1992. Wani lokaci kuma saƙonnin wani ofishin farfaganda ne ke yoyo. Akwai kuma binciken na'ura: cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto, wadda Ron Deibert ya kafa a 2001, ita ce ta bi diddigin wani saƙo da aka aika wa ɗan fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam Ahmed Mansoor na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2016, ta gano manhajar leƙen asiri ta Pegasus a bayansa.

Hanya mafi hikima ita ce amfani da abin da yanayin ƙasa ya riga ya raba. Duwatsun Ruwanda sun sa wasu ƙauyuka suna kama RTLM, gidan rediyon da ya riƙa ingiza mutane su yi kisa, a 1994, wasu kuma ba sa kamawa, kuma da wannan bambanci ne David Yanagizawa-Drott ya ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na shigar mutane cikin kisan ƙare-dangi yana da nasaba da shirye-shiryen gidan. Jin ra'ayin jama'a shi ne mai wuya, domin mutumin da ke tsoro zai faɗi abin da zai tsirar da shi ne. Saboda haka akan ba mai amsa jerin sunaye, a ce ya faɗi mutum nawa yake goyon baya ba tare da ya ambaci ko su wane ne ba, sannan a kwatanta da amsar wani rukunin da aka cire wa sunan shugaba daga jerinsu.

Idan aka buɗe wa mutane hanya, shin za su ruga neman labarin da aka ɓoye musu?

Ba lalle ba ne, kuma wannan yana cikin sakamakon da ya fi damun masu fatan alheri. Yuyu Chen da David Yang sun ba ɗaliban jami'a sama da 1,800 a Beijing damar shiga wani gwaji na watanni 18, inda aka ba wasunsu manhajar tsallake shingen intanet kyauta. Kaɗan ne ƙwarai suka yi amfani da ita wajen karanta jaridun waje, sai waɗanda aka kwaɗaitar da su da farko, su kuma suka ɗore da karatun har ra'ayoyinsu suka sauya. Takunkumin da ya daɗe yana kashe sha'awar tambaya ma kanta.

Wane haɗari ne manazarcin kansa yake fuskanta?

Haɗarin na gaske ne, kuma ya shafi duk mai bincike kan siyasar irin waɗannan ƙasashe. Giulio Regeni, ɗan Italiya mai karatun digirin digirgir a Jami'ar Cambridge, ya ɓace a Alƙahira ranar 25 ga Janairun 2016 yana nazarin ƙungiyoyin ƙwadago, aka tsinci gawarsa bayan kwana tara da alamun azabtarwa. An yanke wa Matthew Hedges na Jami'ar Durham hukuncin ɗaurin rai-da-rai a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2018 bisa zargin leƙen asiri, kafin a yi masa afuwa. Sai dai waɗannan su ne sunayen da duniya ta ji. Baƙon manazarci yana da fasfo da ofishin jakadanci da jirgin da zai mayar da shi gida, amma tafintansa, da mataimakin bincikensa, da editan da ya yarda ya yi masa bayanin yadda umarni ke zuwa ta waya, duk suna nan inda ya bar su. Shi ya sa masu mutunta aikin suke sauya sunaye, suke guje wa naɗar murya, suke ajiye bayanai a kulle, wani lokaci ma su haƙura da hujja mai ƙarfi domin buga ta zai nuna wanda ya bayar da ita. Malaman da ke zaune a cikin ƙasashen su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu: a Turkiyya, ɗaruruwa daga cikin waɗanda suka sa hannu a takardar neman zaman lafiya ta Janairun 2016 sun rasa aikinsu, aka kuma gurfanar da da yawa a kotu.

Ana cewa malaman suna kame bakinsu don kada su rasa biza. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya, kodayake lissafin ya fi zargin sauƙi. A binciken da Sheena Greitens da Rory Truex suka yi a 2018 tsakanin masana harkokin Sin sama da 500, kimanin kashi 5 cikin 100 ne suka ce sun sami matsalar biza, kashi 9 jami'an tsaro sun gayyace su ganawa, yayin da kashi 26 na masu aiki da tsofaffin takardu aka hana su shiga ma'ajiya. Hukuncin ba shi da yawa, amma rashin sanin inda iyakar take shi ke sa manazarci ya ja da baya tun kafin a yi masa magana, wanda kuwa shi ne ainihin abin da yake rubutawa game da 'yan jarida. Cibiyoyi ma suna sunkuyawa: a Agustan 2017 maɗaba'ar Jami'ar Cambridge ta toshe maƙalu sama da 300 na mujallar China Quarterly daga shafinta na Sin bisa buƙatar hukumomi, sai da malamai suka yi ca a kanta sannan ta mayar da su.

Yaya ake koyar da wannan darasi a aji?

Malamin da ke koyarwa a ƙasa mai 'yanci yana iya samun ɗaliban da iyayensu ke zaune a ƙarƙashin gwamnatin da ake tattaunawa a kanta. Bayan dokar tsaron ƙasa ta Hong Kong ta 2020, wadda ta yi iƙirarin hurumi har a kan abin da aka faɗa a ƙasashen waje, wasu malamai a Amurka da Ingila sun fara karɓar aikin ɗalibai da lamba a maimakon suna, suka kuma hana naɗar muhawarar aji. Wajibi ne kuma kada a mayar da ɗalibi kakakin ƙasarsa, domin wanda ya taso cikin farfaganda ba ya sauya tunani saboda an kunyata shi a gaban abokansa, sai dai idan an ajiye masa hujja an bar shi ya auna ta da kansa.

Shin matsalar ta tsaya ga ƙasashen da ba a yin zaɓe?

A'a. A Hungari, inda ake zaɓe, an haɗe kafofin labarai sama da 400 masu goyon bayan gwamnati a ƙarƙashin gidauniya guda a 2018, kuma dokar 2017 ta tilasta wa Jami'ar Tsakiyar Turai kwashe yawancin karatunta daga Budapest zuwa Vienna. Kamfanoni ma suna rufe ƙofa: Twitter ya soke damar da manazarta ke da ita ta ɗibar bayanai kyauta a 2023, Meta kuma ya rufe CrowdTangle a Agustan 2024, manhajar da masu bincike da 'yan jarida suka dogara da ita wajen bin yadda farfaganda ke yaɗuwa a Facebook.