Fashin Baƙi: Dokar da ke Tafiyar da Manyan Jirage a Ƙasa

Duk wanda ya taɓa shiga babban jirgi, ko da na aikin Hajji ne daga filin Malam Aminu Kano, ya san wannan lokacin. An rufe ƙofa, kowa ya ɗaura bel, amma jirgi sai tafiyar hawainiya yake yi: ya tsaya, ya motsa, ya sha wata doguwar kwana. Nan da nan sai ka ji gunaguni ya tashi. Ni kuwa a ganina 'yan mintocin nan suna cikin mafi wuyar aikin matuƙi, kuma babu takun da ba doka a kansa.

Tushen dokar shi ne yarjejeniyar da ƙasashe suka sa wa hannu a Cikago ta Amurka a 1944, wadda ta haifar da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. Rataye na 14 na yarjejeniyar ya tsara yadda za a gina filin jirgi, Rataye na 2 kuma ya tsara yadda jirage za su bai wa juna hanya. Kowace ƙasa tana zuba waɗannan ƙa'idoji cikin dokarta. A Najeriya hukumar NCAA ce ke sa ido a kai.

Abu na farko, an raba jirage aji-aji da haruffa daga A zuwa F, gwargwadon faɗin fukafukansu. Ajin E ya kama daga mita 52 zuwa ƙasa da 65, a nan Boeing 747-400 da 777-300ER suke. Ajin F daga mita 65 ne zuwa ƙasa da 80, inda Airbus A380 ya shiga da ƙyar, don faɗinsa ya kusa mita 80 cif. Ita ma kowace hanyar da jirgi ke bi daga wurin ɗaukar fasinja zuwa titin tashi tana da ajinta. Harafin ne ke nuna nisan da gini, ko turken fitila, ko wani jirgin zai kasance daga tsakiyar hanya.

A tsakiyar hanyar akwai layi ruwan ɗorawa, da dare kuma korayen fitilu a kansa, shuɗaye a gefe. Ma'anar layin nan ita ce zuciyar maganar. Doka ta ɗora wa mai gina fili cewa idan ɗakin matuƙi yana bisa layin, to tayar da ta fi kusa da gefe ta sami sarari tsakaninta da bakin kwalta, mita 4 ga manyan jirage. Wato alkawari ne tsakanin magini da matuƙi: ka bi layi, na ɗauke maka komai daga hanya. Amma alkawarin yana aiki ne kawai ga jirgin da bai wuce ajin hanyar ba.

Wahalar tana wajen kwana. Ka lura da direban tirela idan zai karya kwana a cikin gari: sai ya zarce gaba kamar zai wuce, sannan ya murɗa sitiyari, don ya san tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yanke suke yi ta ciki. Haka dogon jirgi yake, har ma ya fi. Boeing 777-300ER tsawonsa ya kusa mita 74, tsakanin tayar gaba da manyan tayoyinsa kuma akwai sama da mita 30. Matuƙi yana zaune can sama, gaba da tayar gaban ma, ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu da idonsa. Saboda haka doka ta ce a ƙara wa cikin kwana faɗin kwalta. Inda ƙarin bai wadatar ba, sai matuƙi ya yi irin ta direban tirela, ya wuce layin da gangan kafin ya juya. Shi ya sa aka saka wa jirage irin su 777-300 da A340-600 da A380 kyamarori masu nuna tayoyi a allo, shi ya sa kuma ake rage gudu a kwana zuwa kimanin kilomita 18 a awa.

Abin da ya faru a Johanasbag daren 22 ga Disamba, 2013, ya nuna inda alkawarin ke ƙarewa. Hasumiyar da ke ba jirage umarni a filin ta ba wani 747-400 na British Airways izinin bin wata hanya zuwa titin tashi. A wata mararraba, maimakon su bi lanƙwasar hanyarsu, sai matuƙan suka miƙe suka shiga wata 'yar ƙarama da ba a yi ta don irin jirginsu ba. Fiffiken dama ya yanka cikin wani ginin ofis, ma'aikata huɗu da ke ciki suka ji rauni, jirgin kuma bai sake tashi ba. Suna kan layi kam, amma ba layinsu ba ne. Wannan ne ya sa nake ganin matuƙin da ya taka birki ya tambayi hasumiya idan ya yi shakka ya fi cancantar yabo a kan wanda ya kai mu da wuri.

Dokar ba da hanya kuwa ba ta da sarƙaƙiya. Idan jirage biyu suka yi gaba da gaba, kowa ya tsaya ko ya kauce dama. Idan hanyoyinsu za su haɗu, wanda ɗan'uwansa ke damansa shi zai jira. Mai son wuce wani shi ke da alhakin ba da tazara. Ba a ƙetare layin tsayawa na bakin titin tashi sai da izinin hasumiya, jajayen fitilun da ke gicciye a wurin kuma ba a taka su sai an kashe.

Izinin hasumiya dai bai sauke wa matuƙi nauyin lura da bakin fiffikensa ba. A Afrilun 2011, a filin Kenedi na birnin Niyok, fiffiken A380 na Air France ya bugi wutsiyar wani ƙaramin jirgin fasinja da ke tsaye, ya juya shi gefe kamar abin wasan yara.

Har masu ƙera jirage wannan doka ta tanƙwara. Sabon Boeing 777-9 faɗin fukafukansa a buɗe ya kusa mita 72, wato ajin F ke nan. Sai aka yi masa bakin fiffike mai naɗewa sama: da ya sauka ya rage gudu sai ya naɗe, faɗin ya koma ƙasa da mita 65, ya bi hanyoyin ajin E da yawancin manyan filaye suka riga suka gina.